FM ta ɗauke daga 95 zuwa ƙasa a tsohon amfilin mahaifina

Sa'idu, Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan amfilin da na gada daga mahaifina, irin mai haɗe da rediyon AM da FM, ƙirar Japan, wanda ya saya a shekarar 1979. Fuskarsa ta alminiyam ce, yana da dogon gilashi mai lambobi daga 88 zuwa 108, da allura mai tafiya a kan zare, da ƙananan mitoci biyu: ɗaya na nuna ƙarfin tasha, ɗaya kuma allurarsa na tsayawa tsakiya idan an kama tasha daidai. Idan na haɗa waya ta ramin AUX, sauti yana fita garau a lasifika biyu, haka ma AM tana kamawa da dare. Matsalar tana ga FM kaɗai. Daga wajen 96 zuwa sama ina samun tashoshi, amma da rauni, kuma duk lokacin da na murɗa abin neman tasha sai in ji ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Da zarar allura ta sauka ƙasa da 95, komai sai ya ɗauke, ba abin da ke saura sai huci. Jar fitilar sitiriyo kuwa ban taɓa ganin ta kama ba tun da na ɗauko shi daga ɗakin ajiya. Wani mai gyara ya ce in kawo ya cire sashen rediyon gaba ɗaya ya sa mini ƙaramin allo na zamani, ni kuma raina bai kwanta da hakan ba.

Yusufa, Yola:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ni a ganina mai gyaran nan bai faɗi abin ƙi ba. Tunda amfilin kansa lafiyarsa ƙalau, ƙaramin allo mai Bluetooth da FM da ramin kati zai ba ka duk abin da kake nema da kuɗi kaɗan, ba tare da ka yi ta yawon neman kayan da aka daina ƙerawa shekaru arba'in da suka wuce ba.

Sa'idu, Garwa:
Amin, na gode, Malam Yusufa. Wayata ma tana kama FM, saboda haka ba rashin abin sauraro ne ya dame ni ba. Ina so ne in ga allurar nan tana tafiya tana kamo tasha kamar yadda na riƙa gani ina yaro.

Baba Hamadu, Marwa:
Sa'idu ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya sa ya huta. Kada ka bari a yanke komai a cikin wannan akwati. Na fara wannan sana'a tun zamanin da gidan rediyon Garwa ke fita a gajeren zango, kuma irin waɗannan akwatuna, su Pioneer da Sansui da Kenwood da Marantz, sun bi ta hannuna da yawa. Bayanin da ka yi ya riga ya rage mana rabin aiki. Tunda AUX da AM suna fita lafiya, to babbar taransifoma da sashen ƙara sauti da lasifika duk sun fita daga zargi, saura hanyar da FM ke bi ita kaɗai, kuma hanyar nan tana da zango huɗu. Na farko shi ne ƙofar shiga, inda eriya ke kawo tasha a ƙara mata ƙarfi, sannan a gauraya ta da wata igiyar da akwatin ke haifarwa da kansa ta hanyar abin da muke kira osilato. Abin da ke fita daga gaurayar kullum 10.7 MHz ne, ko wace tasha ka kama. Zango na biyu yana tace wannan 10.7 yana ƙara mata ƙarfi, na uku yana zare sauti daga cikinta, na huɗu kuma yana raba sautin hagu da dama, shi ne kuma ke kunna jar fitilar da ka ambata.

Yanzu ka lura da wannan. Zango na biyu da na uku da na huɗu ba su san ko allura tana kan 90 ko tana kan 105 ba, domin su 10.7 kawai suke gani. Ciwon da ke zuwa a wani yanki na gilashi ya bar wani yanki, ba zai zama nasu ba, na ƙofar shiga ne. Kafin mu buɗe murfi, ina da tambaya uku. Wace eriya ka ɗaura, kuma a kan wane ƙusa? Makunnin da aka rubuta wa MUTING, mai toshe huci tsakanin tashoshi, a kunne yake ko a kashe? Sannan, ka faɗa mini gaskiya, akwai wanda ya taɓa sa turnabis a ciki?

Sa'idu, Garwa:
Baba, na gode da wannan bayani. Eriyar guntuwar waya ce da ba ta kai kamu biyu ba, na ɗaura ta a kan ɗaya daga ƙusoshin da aka rubuta wa 300. Makunnin MUTING a kashe yake, shi ya sa nake jin hucin. Murfin kuma na taɓa buɗe shi sau ɗaya na leƙa.

Hajiya Fadimatu, N'Jamena:
Ina aiki a ɓangaren injiniyoyi na wani gidan rediyo, kuma zan tsaya a kan eriyar, domin ita ce mutane suka fi rainawa. Tsawon igiyar FM a wajen 100 MHz mita 3 ne, eriyar da ta dace da ita kuwa rabin wannan ce, wato hannu biyu, kowanne kimanin santimita 75, a miƙe su saɓanin juna kamar mutum ya buɗe hannuwansa. Idan da waya mai zagaye irin ta talabijin za ka sauko da ita, to ramin da aka rubuta wa 75 za ka sa, ƙusoshi biyu na 300 kuwa na waya mai faɗi ne mai layi biyu. Idan rufin ɗakinka na kwano ne, ka fitar da eriyar waje ko ka kai ta bakin taga. Sannan yayin gwaji ka kashe ƙwan fitila na LED da cajar waya da inbatan sola idan akwai, domin marasa ingancinsu suna watsa hayaniyar da ke danne tashoshi masu rauni. Ban ce wannan zai dawo da abin da ya ɓace ƙasa da 95 ba, amma ba a auna lafiyar rediyo da guntuwar waya.

Ɗanjuma, Ngaundere:
Da izinin Baba Hamadu, ni ina da wata fahimta. Akwatin da ya haura shekara arba'in a zafin Garwa, inda a watan Maris da Afrilu ake wuce digiri 40, babu wani kondansate (ɗan abin da ke tara wuta ya riƙe ta) mai ruwa a cikinsa da za a amince da shi. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Ni idan irin wannan ya zo teburina ba na ɓata lokaci, sai in canza su duka daga farko zuwa ƙarshe, sannan in duba abin da ya rage. Akwai kuma wasu tsofaffin tiranzisto, irin su 2SC458, da ƙafafunsu ke yin baƙi suna kawo ƙas-ƙas, su ma cire su nake yi ko sun yi laifi ko ba su yi ba.

Baba Hamadu, Marwa:
Ɗanjuma, ƙa'idar da ka kawo gaskiya ce, kuma 2SC458 na sha fama da shi. Inda muka rabu shi ne tsarin aiki. A ƙofar shigar FM kusan duk kondansatocin na yumɓu ne, waɗanda ba su da ruwan da zai bushe, masu ruwan suna can wajen wutar da ke ciyar da sashen da kuma wajen sauti. Idan ka sa yaron nan, wanda bai saba riƙe ƙarfen dalma ba, ya cire abu hamsin ya mayar, zai iya juya ƙafar ɗaya ko ya ɗaga layin tagulla, mu wayi gari da ciwo biyu alhali da ɗaya muka fara, kuma ba za mu san wanne ne tsoho wanne ne sabo ba. Ban da haka, ƙas-ƙas ɗin da ya ambata ba ya zuwa sai ya murɗa, tiranzisto kuwa ba ya jiran a murɗa kafin ya yi kuka. Abin da na yarda da kai a kai shi ne a auna wutar sashen. Idan ta faɗi, to kondansatocinka da zena (ɗan abin da ke tsayar da wuta a ma'auni ɗaya) da tiranziston da ke daidaita ta su ne abin tuhuma na farko, domin osilato idan wuta ta yi masa kaɗan, a ƙasan gilashi yake fara mutuwa.

Sa'idu, ga gwajin da ba ya bukatar buɗe komai. A yawancin waɗannan akwatuna osilato yana gudu ne da 10.7 sama da lambar da allura ke nunawa, kuma yana ɗan yoyo waje. Ka samo ƙaramin rediyon hannu, ka ajiye shi a jikin amfilin. Ka sa allurar amfilin a kan 96, ka nemi 106.7 a ƙaramin, ka ɗan motsa sama da ƙasa. Za ka tarar da wani gurbi da huci ke ɗaukewa a yi tsit, kuma idan ka motsa allurar amfilin gurbin zai gudu. Wannan shirun shi ne muryar osilato. Daga nan ka sauko da amfilin zuwa 90, ka nemi shirun a 100.7.

Sa'idu, Garwa:
Na yi duka biyun jiya da dare. Eriyar da Hajiya ta kwatanta ta ƙara ƙarfin tashoshin sama sosai, allurar mita da ke tsayawa a 1 yanzu tana kai 3. Gwajin Baba kuma ya ba ni mamaki. A kan 96 na sami shirun kusa da 107, na bi shi ina saukowa a hankali, yana biye da ni har wajen 95, sai na ji ƙas a amfilin, shirun kuma ya ɓace daga ƙaramin rediyon. A kan 90 babu shi ko kaɗan. Na kuma ari mita wurin maƙwabcina na auna wutar sashen a inda aka buga 13V a jikin allo: 13.1 da farko, bayan awa ɗaya a kunne 12.9.

Ɗanjuma, Ngaundere:
To wutar ba ta da laifi, na janye wannan ɓangaren. Amma ina nan a kan bakana cewa kondansatocin wutar za su bukaci canji nan gaba, ko da ba su ne ciwon yau ba.

Baba Hamadu, Marwa:
Nan gaba kam ban musa maka ba. Sa'idu, yanzu mun san osilato ne ke mutuwa, kuma mun san ba yunwa ke kashe shi ba. Zare fulogi daga bango, ka jira mintuna kaɗan, domin manyan kondansatoci biyun da ke kusa da taransifoma suna riƙe wuta bayan an kashe, kuma kada hannunka ya je bayan makunnin wuta inda wutar bolt 220 ke shigowa. Ka bi zaren allura har inda ya naɗe a kan wata ƙafa mai kama da ta keken ɗinki. Sandar wannan ƙafar tana shiga cikin kondansate mai juyawa, wanda za ka gane shi da ganyayyakin alminiyam da ke shiga tsakanin juna ba tare da sun taɓa ba. Rukunin da ke da ganye da yawa a matse na AM ne, masu ganye biyu ko uku da tazara mai faɗi su ne na FM. Idan allura tana sama, ganyen a buɗe suke, idan tana saukowa suna ƙara nutsewa cikin juna, shi ya sa duk abin da ya maƙale a can ciki ba ya nuna kansa sai a ƙasan gilashi. Haska tocila ka murɗa a hankali, ka gaya mana abin da ka gani.

Sa'idu, Garwa:
Baba, zanzaro ne. Ya gina ɗakinsa na laka a kusurwar rukunin ƙarshe na FM, ginin ya bushe ya farfashe, gutsattsarinsa sun cika tsakanin ganyen. Ga kuma ƙurar hunturu da ta haɗu da tsohon man da ke bakin sandar ta zama kamar kwalli. Ina da man feshin da ake sa wa kwaɗon ƙofa idan ya yi tsatsa, in fesa?

Baba Hamadu, Marwa:
Kul, kada ka kusantar da shi. Iskar da ke tsakanin ganyen nan ita ma ɓangare ce ta kondansaten, idan mai ya maye gurbinta lissafin ya canza, tashoshi su gusa daga wurarensu, sannan man ya zama tarkon ƙura har abada. Ka fara cire lakar da tsinken sakace da burushi mai laushi, ka hure da famfon keke. Daga nan ka sayo alkol mai digiri 90 a kantin magani, ka yanka farar takarda siririya, ka jiƙa ta, ka zura tsakanin kowane ganye biyu kana ja har ta fito fes. Ka yi haƙuri da aikin, kuma kada ka miƙe wani ganye don ka ga ya karkace. Na gefe-gefen da ke da tsaga, a masana'anta aka lanƙwasa su da gangan don lambobin gilashi su dace da tashoshi.

Akwai wuri na biyu da ya fi lakar muhimmanci, kuma shi ne nake zargi da ƙas-ƙas ɗin. A jikin sandar, tsakanin rukuni da rukuni, za ka ga wasu 'yan yatsun tagulla suna dafe da ita. Ta nan ne ganyen da ke juyawa ke samun haɗuwa da jikin akwati. Idan suka yi datti, haɗuwar sai ta riƙa yankewa tana dawowa. Ka ɗiga musu alkol da tsinke, ka murɗa daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau talatin ko fiye. Daɗewa ba a murɗa shi ba ne ke tara irin wannan datti, kuma ba laifin mahaifinka ba ne, a shekarun da ya sayi akwatin nan babu abin kamawa a FM a yankinmu sai kaɗan, tashoshi masu zaman kansu ba su yawaita a Kamaru ba sai bayan dokar shekarar 2000, don haka mutane faifai da kaset suke saurara da shi. Idan ka gama, ka bar shi ya kwana a buɗe, domin alkol ɗin kanti yana da ruwa a ciki, kuma idan ka kunna da danshi za ka ga tashoshi sun gusa ka ɗauka ka ɓata wani abu.

Ɗanjuma, Ngaundere:
Ƙarin bayani kaɗan, don kada mita ta ruɗe shi. Idan ka sa mita tsakanin ganyen da ke tsaye da masu juyawa don ka ga ko suna taɓa juna, za ta yi ƙara ko da lafiyarsu ƙalau, domin akwai bobin, wato naɗaɗɗiyar waya, da ke haɗe da su wanda ga mita waya ce kawai. Ido da tocila da takarda sun fi mita amfani a wannan wurin.

Abakar, Kuseri:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, tunda ga masana a kusa. Na sayi irin wannan akwati a cikin kayan gwanjo, amma gilashinsa daga 76 ya fara ya tsaya a 90. Ga tashoshin N'Jamena a tsallaken kogi, amma ba na samun komai sai abin da ke can ƙarshen gilashin. Shi ma zanzaro ne?

Hajiya Fadimatu, N'Jamena:
Malam Abakar, naka lafiyarsa ƙalau, an ƙera shi ne don kasuwar cikin gida ta Japan, inda zangon FM a wancan zamani yake daga 76 zuwa 90. Mu namu daga 87.5 zuwa 108 ne, saboda haka abin da kuka haɗu a kai bai wuce 87.5 zuwa 90 ba. Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne ka duba bayansa kafin ka sake kunnawa, domin wutar Japan bolt 100 ce. Idan 100V kaɗai aka rubuta, to yana bukatar taransifomar da ke ba da 100 daidai, irin masu ba da 110 ko 120 suna sa shi zafi fiye da kima. Mayar da shi zangonmu yana yiwuwa, amma sai an sake bobin na kowane rukuni an daidaita su da janareton sigina, wato na'urar da ke fitar da igiyar gwaji, kuma lambobin gilashin ba za su ƙara yin daidai ba. A nan kam shawarar Malam Yusufa ta dace: ka haɗa wani abin kamun tasha ta AUX ka bar cikinsa yadda yake.

Sa'idu, Garwa:
Alhamdu lillahi, ƙasan gilashi ya dawo, ƙas-ƙas ya tafi, kuma na kama tashoshi tun daga 88. Sai dai akwai sauran abu uku. Kowace tasha tana fitowa ne kaɗan sama da lambarta. Murya tana shaƙewa, musamman wajen harafin "s", kuma idan na tsayar da allurar mita a tsakiya sautin ya fi muni, sai na karkata gefe yake gyaruwa. Jar fitila har yanzu shiru. Kuma Baba, akwai abin da ban faɗa ba ranar da kuka tambaye ni. Ranar da na buɗe murfin ban tsaya a leƙe ba. Akwai wani ɗan gwangwani mai rami a ka, kusa da wani IC, wato ɗan baƙin guntu, mai ƙafa 16, na sa turnabis na murɗa abin da ke ciki kamar rabin zagaye, da na ga ba abin da ya canza sai na rufe. Kunya ce ta hana ni faɗa.

Baba Hamadu, Marwa:
Na san da wuya a rasa, shi ya sa na tambaya. Gara da ka faɗa, domin da ka ɓoye da mun kwana uku muna zargin IC ɗin da bai ci ba bai sha ba. Ka gode wa Allah abu biyu: gwangwani ɗaya ka taɓa, kuma zuciyarsa, wato abin da ka murɗa, ba ta fashe ba. Baƙin abin da ke ciki ferit ne, yana da gautsi kamar gawayi, turnabis na ƙarfe yana tsaga shi ya maƙale, ga shi kuma ƙarfen kansa yana canza lissafin bobin muddin yana ciki. Gwangwanin da ka taɓa na zango na uku ne, mai zare sauti, shi ne kuma ke gaya wa mitar tsakiya inda tsakiya take. Ka gusar da shi daga 10.7, shi ya sa inda tacewa ta fi kyau daban, inda sauti ya fi kyau daban.

Gyaransa a wannan karon yana yiwuwa ba tare da kayan awo ba. Ka feƙe tsinken roba ko na gora ya shiga ramin daidai ba tare da tilas ba. Ka kunna akwatin ya yi minti 20 ya ɗumama, ka cire eriya, ka kashe MUTING, ka kai allura inda babu tasha sai huci zalla. A wannan hali allurar mitar tsakiya ya kamata ta zauna a tsakiya cif. Ka murɗa zuciyar a hankali ta hanyar da ka fito, kana kallon mitar, da ta zo tsakiya ka cire hannunka. Idan akwai gwangwani na biyu a gefensa, ko wata zuciya a ƙasan ta farko, wannan ta rage shaƙewar murya ce, ba a daidaita ta sai da janareto da na'urar awo, ka bar ta.

Batun lambobi kuma, kada ka taɓa ƙananan sukurorin da ke kan kondansate mai juyawa. Tunda ka ce kowace tasha ta gusa da kusan tazara ɗaya, allurar ce ta zame a kan zare. Murɗa har ƙarshen hagu, ka duba ko ta tsaya a kan alamar farko ta gilashin, in ba ta tsaya ba ka riƙe zaren ka ja ta zuwa wurin. Da a ce ƙasa daidai ne sama ce ta kauce, sannan ne za a yi maganar sukurorin, kuma wannan aikin teburin mai gyara ne.

Hajiya Fadimatu, N'Jamena:
Game da jar fitila, kafin a zargi akwatin a tabbatar tashar tana watsa sitiriyo, domin ƙananan tashoshi da dama mono suke fita. Tashar sitiriyo tana aiko da wani siririn sauti na 19 kHz wanda kunne ba ya kamawa, shi ne akwatin ke ji ya kunna fitila, ya kuma ninka shi zuwa 38 kHz don raba hagu da dama. Ka gwada tashar a rediyon mota, idan alamar ST ta fito to tana da shi. Ka kuma duba kada makunnin MONO ya kasance a danne. Bayan haka ka sa abin sauraro na kunne, ka riƙa danna MONO kana sakewa a kan waƙa. Idan sautin yana buɗewa yana tsukewa, to sashen yana aiki, ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone. Kuma mai yiwuwa ne gyaran da Baba ya ba ka ya dawo da ita da kansa, domin idan zango na uku ya kauce, akwatin yakan ƙi shiga sitiriyo.

Sa'idu, Garwa:
Na bi yadda kuka ce, Baba. Ƙasa da rabin zagaye allurar ta dawo tsakiya, muryar kuma ta washe, yanzu inda mita ta ce tsakiya nan ne sauti ya fi daɗi. Allurar gilashi ta zame da kusan faɗin ƙwayar shinkafa biyu, na mayar da ita. Gwajin Hajiya kuma ya nuna sautin yana buɗewa idan na saki MONO a kan tasha mafi ƙarfi, amma yakan yi minti kaɗan ya tsuke ya sake buɗewa. Ƙwan fitilar na auna shi, a yanke yake.

Ɗanjuma, Ngaundere:
Ƙwan ba matsala ba ne. Ka sa jan LED da resista ta om 1000 a jere, a kan wuta ta bolt 12 ko 13 za ta ja kimanin miliamfiya 10, wanda ya ishe ta. Idan ba ta kama ba ka juya ƙafafunta. Shiga da fitar da sitiriyo ke yi kuwa, kusa da IC na biyu, na sashen sitiriyo, akwai ƙaramar resista mai murɗawa, sau da yawa an rubuta VCO a gefenta. Ita ke riƙe agogon cikin IC ɗin, wanda a yawancinsu yake gudu a 76 kHz a raba shi huɗu ya ba da 19. Idan mitar maƙwabcinka tana da awon Hz, akwai wurin gwaji da za ka ga 19 kHz ba tare da tasha ba. Idan babu, bayan ka sa LED ka kama tasha mai ƙarfi, ka yi wa resistar alama da biro, ka murɗa hagu har fitila ta mutu, ka murɗa dama har ta sake mutuwa, ka tsayar a tsakiyar wuraren biyu. Baba, ina fatan wannan murɗawar kun yarda da ita.

Baba Hamadu, Marwa:
Na yarda, tunda ka ce ya yi alama kafin ya taɓa. Idan bayan haka ta ci gaba da shiga da fita sa'ad da akwatin ya yi zafi, to akwai 'yan ƙananan kondansatoci masu ruwa a gefen wannan IC, biyu ko uku, a nan zan ba ka gaskiyarka a canza su. Sa'idu, abu ɗaya da ya rage: yanzu ka ɗaga eriya waje, kuma damina na tafe. Tiranziston farko na ƙofar shiga ba ya jure tsawa ko da ba a kan gidanka ta faɗi ba, kuma samun irinsa yau yana da wuya. Idan hadari ya haɗu ka zare eriyar da fulogin duka. Ramukan iska na murfin kuma ka liƙa musu ragar sauro daga ciki, iska za ta wuce, zanzaro ba zai wuce ba.

Sa'idu, Garwa:
An gama, jar fitila ta kama yau bayan la'asar, kuma awa uku ke nan ba ta ƙifta ba. Mahaifiyata ta leƙo ta tsaya tana kallonta, ba ta ce komai ba. Tashoshin nesa suna da huci idan fitilar ta kama, idan na danna MONO sai ya tafi. Wannan ma ciwo ne, Hajiya?

Hajiya Fadimatu, N'Jamena:
Ba ciwo ba ne, haka tsarin yake. A kan tasha mai rauni, sitiriyo yana ƙara huci da sama da desibel 20 idan aka kwatanta da mono, shi ya sa aka sa makunnin a fuskar akwatin. Ka ƙara wa sandar eriyar tsawo ta haura rufin kwano, ka juya ta har faɗinta ya fuskanci inda tashar take, sannan ka gaya mana lambar da allurar ƙarfi ta kai.